Ɓarawon da Ya Juya Takalmi

"Ba ni da abin da zan ba ka yau, Baba Gidaɗo," in ji Meram. "Amma kowa ya san injin ban ruwanka na lambun Disina ya fi daɗewa a hannun bakanike fiye da bakin rijiya. Ka wanke ni in tafi karatun nan. In na dawo, ni ce bakanikenka har ɗayanmu ya riga ɗaya."

Ina zaune a ƙofar gida bayan La'asar ranar Juma'a ta zo ta tsaya a kaina, ko gaisuwar kirki ba ta gama ba. Na dube ta tun daga ƙasa, don ni ta ƙafa nake fara sanin mutum. Silifas ne a ƙafarta, ga dusar shinkafa har idon sawu.

"Babarbariya da alƙawari," na ce. "Kakanki ma ya yi wa kakana alƙawarin kanwa, har yau muna jira."

"Ya kawo, shanunku suka lashe, kuka manta. Za ka zo, ko in nemi wani Bafulatanin?"

"Babu wani. Masu bin sawu ni kaɗai na rage a Azare. Amma ga nawa sharaɗin. In sawu ya kai ni ƙofar ɗakinki, a gaban jama'a zan faɗa, kuma ba zan rage murya ba."

"Ka ɗaga ta har a ji a Dambam."

A kan haka muka shirya.

Ga yadda abin yake. Meram 'yar mutanen Yobe ce da suka zauna Azare tun tana goye. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Shekara shida ke nan tana aiki a injin casar shinkafa na Alhaji Bappayo. Da shara ta fara, ta koma turara shinkafa tare da mata, har ta kai ita ke tsayawa a kan injin tsince tsakuwa, mace ɗaya cikin maza. Sai aka fito da wani tallafin gwamnati na masu aiki a ƙarƙashin wani: in kana son ƙaro sani a sana'arka, za a biya maka makaranta da abinci da makwanci har wata huɗu. Meram ta cike takarda a wayarta, aka ɗauke ta koyon gyaran injuna a Kano. Har takalmin aiki aka aiko mata, mai ƙarfe a baki. Abu ɗaya ya rage, takardar da maigida zai sa wa hannu ya shaida ma'aikacinsa mai amana ne, ya sake shi ya tafi, kuma gurbinsa na nan in ya dawo. Ma'aikatan injin suna kiranta takardar saki. Motar masu tafiya za ta tashi Litinin da safe, kuma wanda bai riƙe sakinsa ba, na bayansa za a ba kujerar.

Sati biyu Alhaji yana cewa gobe. Ran Juma'ar nan ya ce in an sauko masallaci zai sa hannu. Da aka sauko ya buɗe ofishinsa, sai ya tarar babu rola biyu sababbi, wato robobin nan masu kauri da ke ɓare ɓuntu daga shinkafa, waɗanda ya sayo saboda kakar bana. Sawun takalmin Meram kuwa ga shi nan, ya shiga ya fita.

*

Da muka isa injin, mutane sun cika bakin ƙofa: 'yan dako, dillalai, masu kawo shinkafa daga ƙauye, da waɗanda ba su da aiki sai kallo.

"Lokacin Juma'a maza duk suna masallaci," wani ya ce. "To wa ya rage?"

"Dama mace da inji, me ake jira?"

"Mutanen gabas ɗin nan ba a sanin cikinsu."

Meram ta tsaya ta juyo. "Kai mai maganar gabas, uwarka ce ta yi mini kitson aure. Je ka tambaye ta cikina."

Aka yi dariya, ya nutse cikin mutane.

Alhaji Bappayo na zaune a benci, babbar rigar Juma'a har yanzu a jikinsa. Mun san juna tun yana awon hatsi a kasuwa. A bayansa Yunusa na tsaye, babban mai kula da injin, wanda ya yi shekara ashirin da biyu tare da shi tun yana riƙe masa jaka.

"Malam Gidaɗo, ba saniya ce ta ɓata ba," in ji Alhaji.

"Duk ƙafa gare su, Alhaji. Wa ya shiga ofishin bayanka?"

"Ba kowa. Ni ma a bakin ƙofa na tsaya, na hango kantar da na ajiye su wayam, na ga sawu, na rufe."

"Makulli fa?"

"Yana rataye bayan sikeli. Har kajin gidan nan sun san wurin."

"A ina ka yi Juma'a?"

"Sahun gaba, inda na saba. Yunusa na bayana kamar kullum. Ka duba abin da za ka duba. Jibi da Azahar zan kira 'yan sanda. Hannu kuwa ba zan sa ba. Takardar cewa ta yi mai amana."

Na lura bai faɗi haka da baƙin ciki ba. Kaka ta ƙarato, kuma ba ya son rasa mai tsince masa tsakuwa.

Shekara arba'in na yi ina bin sawun shanu a ƙasa mai tauri, wani lokaci ciyawa guda da ta kwanta ita ce duk shaidata. Injin shinkafa kuwa sauƙi ne. Dusa na sauka a ko'ina kamar an tankaɗe gari, ko ƙadangare ya wuce sai ya bar suna. Na tsuguna a bakin ƙofar ofis na karanta.

Ɗakin ƙarami ne. Tebur a hagu, buzun sallar Alhaji a shimfiɗe daga tebur har bango, kanta a bayan buzun. Ba ka isa kanta sai ka bi ta kansa. Takalmin ya shigo kai tsaye, bai yi dube-dube ba. Takun ya fi na Meram tsawo da kusan tafin hannu. Amma abin da ya tsayar da ni yana bakin buzu. Sawu biyu ne a jere, a haɗe kamar an gwada da zare, kuma bakinsu ƙofa yake kallo, ba kanta ba. Mutum in zai juya, dunduniyarsa ke murza ƙasa. Nan babu murza. Sai ka ce an ɗaga mutumin sama, an juya shi, an dire. A kan buzun kuwa babu komai, gashi ba ya riƙe sawu.

Ban gane ba, kuma ba na son abin da ban gane ba. Na ari kwando wurin mata na kife a kan wurin, na ce kada a taɓa.

A waje sawun ya nutse, alamar mai kaya, har zuwa tulin ɓuntu da ke bayan injin. Daga nan ya yi sauƙi zuwa rumfar mata, inda aka tsinci kwalin rolar babu komai a ciki, sannan ya koma gindin ƙusar da Meram ke rataye takalmin in za ta gida. Tun a nan na san inda kayan suke, amma na yi shiru. Da na tono su a lokacin, cewa za a yi ita ta binne don ta dawo ta ɗauka.

Meram ta sauko da takalmin ta zura hannu. "Duba, Baba. Lambar maza suka aiko mini, sai na cusa tsumma a baki yake zama. Yau tsummokaran biyu a ƙafa ɗaya suke."

"Ke ma kina iya yin haka," in ji Alhaji.

Ya yi gaskiya. Tsumma ba ya wanke mutum.

*

Asabar da safe na fara da Husaina, shugabar mata masu turara shinkafa. Na same ta tana juya wuta a ƙarƙashin rabin ganga.

"Ran Juma'a da an kira sallar farko muke watsewa," ta ce. "Meram ta rataye takalminta ta tafi ba yara abinci. Ni na ga tafiyarta, amma ban ga ko ta dawo ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban gani ba."

"Wa kika bari?"

"Yunusa yana alwala. Sai Babakura bakanike, ya zo a babur ya shiga ɗakin inji, ya fito da buhu mai nauyi ya ɗaure a baya. Na ce masa ba ka Juma'a ne, ya ce a hanya zai yi, Katagum za shi."

"Shi da Meram fa?"

Ta yi dariya. "Malam, in ta iya gyara, wa zai riƙa kiransa? A gabana ya ce wa Alhaji in ya bar ta ta tafi, ya nemi wani ya riƙa gaishe shi da Sallah."

Yunusa na same shi yana shafa wa bel man inji. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya tsuguna ya gaishe ni.

"Ni ban zargi kowa ba, Malam," ya ce. "Meram ƙanwata ce. Ni na koya mata tsayuwa a kan inji. Amma tafiya Kano sai da guzuri, kuma zuciya ba ta da tabbas."

"Kai ba ka nemi tallafin ba?"

"Me zan koyo? Da kunne nake sanin ciwon injin nan tun kafin ya tsaya. Takarda ta masu neman takarda ce."

"Babakura fa?"

Ya ci gaba da shafa man. "Na ga buhunsa. Ban buɗe ba."

Na san rolar na cikin ɓuntu, ba a buhu ba. Amma mai buhu yana iya binne kaya ya ɗauki wani don a ga ya fita da abin da ba shi ne ba. Na hau motar Katagum.

*

A wani injin casa na bakin kasuwa na sami Babakura, rabin jikinsa a cikin inji. Da ya ji muryata ya fito yana share hannu a wando. Shi ma Babarbare ne, don haka da wasa ya fara.

"Bawana ya zo gaisuwa. Ina nonon da ka kawo wa ubangijinka?"

"Na bari a Azare tare da rolar da ka sace."

Bai ko yi fushi ba. Ya jawo buhun ya zazzage: sifanu, guduma, da wani tsohon dinamo da ya ɗauko zai naɗe.

"A Gadau na yi Juma'a, tambayi mai faci na bakin masallaci, shi ya riƙe mini babur. Kuma dubi nan." Ya ɗaga ƙafa. Ban taɓa ganin irinta ba sai a raƙumi. Ko an yanke yatsun ba ta shiga takalmin Meram.

Ana cikin haka mai injin ya kira shi shan shayi. Babakura ya bi ta kan tabarmar mutumin da takalminsa mai baƙin mai, ya zauna, ko a jikinsa.

"Ba na son ta tafi, gaskiya ne," ya ce. "Wa ke son a raba masa tuwo? Amma in zan hana ta, ba sata zan yi ba, aurenta zan yi in ajiye a gida."

"Ta fi ƙarfinka."

"Ta fi. Yarinyar kai gare ta. Sau ɗaya ta ga na kwance famfo, washegari ita ke miƙo mini abin da ban tambaya ba tukuna. Ba kamar Yunusa ba. Shi kunne gare shi, na yarda, amma ka ce ya karanto maka lambar da ke jikin ƙarfe, sai ya kwanto ƙarfen gaba ɗaya ya kawo maka. Kullum idonsa ke ciwo in takarda ta zo. Ai shi Alhaji ya fara miƙa wa takardar tallafin nan. Ya riƙe ta, ya daɗe yana kallo, ya ce ba ya so."

Na ce ya zo Azare gobe da hantsi. Ya ce in dai akwai abinci.

A mota na yi ta juya maganar. Ni ma sai da gemuna ya fara fari na koyi haɗa baƙi a ajin manya, don haka na san irin kallon da mutum ke yi wa takardar da ba ta yi masa magana. Amma sanin dalili ba kama ɓarawo ba ne. Sawu biyun nan na bakin buzu har yanzu sun ƙi ni.

Na iso injin ana kiran La'asar. Akwai ɗan dandamalin salla a gindin dogonyaro. Alhaji ya zo ya zame takalmansa ya hau, ko waiwaye bai yi ba. Yunusa na biye da shi. Ya sunkuya, ya sa yatsu biyu ya ɗaga takalman Alhaji, ya juya su suka kalli hanya, ya haɗe su, don in maigida ya idar ya zura ƙafa kawai ya wuce. Sannan ya tuɓe nasa, ya yi musu haka nan, duk a numfashi ɗaya.

Na tsaya da buta a hannu har aka tayar da iƙama.

*

Lahadi da hantsi na tara su a ƙofar ofis: Alhaji, Yunusa, Husaina, Babakura da Meram. 'Yan kallo kuwa ba sai an gayyace su ba. Na sa aka barbaɗa sabuwar dusa daga ƙofa zuwa buzu, na bar kwandona a kife. Na ɗora carbina a kan kanta.

"Tsawon takun kowa nake son aunawa," na ce. "Kowa ya shiga ya ɗauko mini carbin nan, ya dawo."

Babakura ya fara. Taku uku, ya taka buzun da takalmi.

"Kai, arnen ina ne wannan," in ji Alhaji. "A nan nake sa goshi."

"Yi haƙuri, Alhaji, ban gan shi ba."

Husaina ta watsar da silifas ɗaya nan ɗaya can, ta ɗauko. Alhaji ya ce shi ma a gwada shi don kada a ce ya fi ƙarfin dusa. Ya shiga, ya naɗe buzunsa gefe da hannu, ya wuce da takalminsa, ya dawo ya shimfiɗa. Meram ta ce shekara shida ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba, amma yau za ta shiga. Ta zame silifas suna kallon kantar yadda ta zo da su, da ta dawo sai da ta zagaya kafin ta sa.

Saura Yunusa. Duk hankalinsa na kan ƙafafunsa. Ya riƙa gajarta taku kamar mai tafiya a kan ƙwai, yana kallon ƙasa. Da ya kai bakin buzu ya tuɓe, ya sunkuya, yatsu biyu suka ɗaga takalman suka juya su suka haɗe. Ya ɗauko carbin, ya zura ƙafa ya fito, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na shiga na ɗage kwandon. Tsohon sawu da sabo suna gefen juna, duka a haɗe, duka suna kallon ƙofa, babu murzar dunduniya.

"Ku matso ku gani," na ce, kuma ban rage murya ba. "Ɓarawon nan ya sa takalmin Meram don a ce ita ce. Amma da ya zo buzun maigidansa ya kasa takawa, ya tuɓe. Wannan ko Husaina za ta yi. Juyawar ce ba kowa ke yi ba. Sai wanda ya yi shekara ashirin yana juya wa wani takalmi, har hannunsa ya daina neman izininsa."

Na juya ga Alhaji.

"Alhaji, ka ce Yunusa na bayanka a sahu. Ka gan shi, ko ka saba ne? Da aka sallame, wa ya juya maka takalmi?"

Alhaji ya dubi Yunusa. Ya ce, "Da kaina na sunkuya. Na ɗauka cunkoso ne ya raba mu."

"A tono tulin ɓuntu, ta gefen da ke kallon katanga, kamu ɗaya."

'Yan dako biyu suka tafi. Ba a jima ba suka dawo kowa da rola a kafaɗa.

Yunusa bai gudu ba, bai kuma yi rantsuwa ba. Ya tsuguna inda yake.

"Ba sayarwa zan yi ba, Alhaji. Da motar ta tashi zan ce na tsince su."

"Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba." Ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Shekara ashirin da biyu. Na san kukan kowane ƙarfe a gidan nan. Aka kawo takarda aka ce ga dama, kuma damar sai mai karatu. Wata huɗu za ta yi ta dawo da shaida a hannu, ni da na nuna mata inda ake kunnawa in koma miƙa mata sifana. Wa ya tambaye ni ko ina son in koya? Takarda aka miƙo mini a gaban mutane."

Rabin maganarsa gaskiya ce. Sauran rabin kuwa ya so ya binne mace da 'ya'ya uku a cikin ɓuntu.

Alhaji ya miƙe yana huci. "Tattara naka ka bar mini gida. Ke kuma Meram, Allah ya wanke ki, mun ji kunya. Sai dai kin ga yadda abin ya zama. Babu Yunusa, ga kaka ta zo. In ke ma kika tafi, wa zai riƙe injin? Ki bari sai baɗi, ni da kaina zan kai ki."

Na ga 'yan kallo suna gyaɗa kai. Shekaranjiya ɓarauniya ce, yau kuma ita ce ginshiƙin gida, kuma duka biyun wuri ɗaya suke kai ta.

Meram ta kwance bakin zanenta ta fito da takardar, a ninke cikin leda. Ta sauko da takalmin aikinta daga ƙusa, ta raba tsummokaran, ta sa, ta ɗaure igiya ba gaggawa. Ta shiga ofis har bakin buzu ta ɗora takardar a tebur.

"Alhaji, baɗi ba sunana a ciki. Shekaranjiya ka ce abin da ya hana ka sa hannu kalma ɗaya ce, amana. Ga jama'a, ka faɗa musu ko akwai wata kalmar."

"Ba a yi wa maigida magana haka."

"Ba a kuma kiran 'yan sanda a kan wadda ba ta ci komai ba, amma ka sa rana. Yaya Yunusa kuwa kada ka kore shi saboda ni. Ba yafewa na yi ba, kada ya ɗauka haka. Ya riƙe maka injin wata huɗu, ya iya. Ina son in dawo in same shi a nan, ya ga abin da ya so ya hana."

"In na ƙi fa?"

"Sai in tafi tashar ba takarda, in tsaya a bakin motar in gaya wa jami'an dalili. Daga nan in bi injunan Azare ɗaya bayan ɗaya in ga mai son bakanike a gidansa."

"Ni dai da zan ba da shawara," in ji Babakura, "a hana ta."

Dariyar da aka yi ce ta ba Alhaji hanyar sauka. Ya zauna, ya laluba aljihu ya rasa biro. Husaina ta ce a ba shi gawayi. Wani dillali ya miƙo nasa. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya tura mata takardar ba tare da ya dube ta ba.

"Saki nawa ne, Alhaji?" Husaina ta tambaya.

"Ɗaya," in ji Meram. "Zan dawo."

*

Litinin ta hau mota da takalminta a ƙafa. Bayan wata huɗu ta dawo, kuma ranar da ta cika sati ta hau babur zuwa Disina ta kwance injina ta ɗaura. Ta ce ba injin ne ke da laifi ba, mai shi ne. Tun daga nan injin bai sake kwana a hannun bakanike ba.

In ana lissafin wanda ya samu, Meram ce a gaba, ta samu sana'a kuma ta riƙe sunanta. Ni na samu ruwa a lambu. Alhaji ya samu bakanike a cikin gida, ko da yake har gobe cewa yake shi ya tura ta karatu. Babakura bai saci komai ba, amma shi ya rasa injin Alhaji, kuma yanzu har mutanen Dagauda Meram suke kira. In mun haɗu yakan ce Bafulatani ya ci amanar ubangijinsa.

Yunusa bai rasa aikinsa ba. Yana nan, shi ke miƙa sifana. Ya taɓa tare ni a hanya ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, a ina na koyi karatu da girma. Na kwatanta masa wurin. Har yau ban ji ya je ba. Abin da ya rasa kuwa a gindin dogonyaro ake ganinsa, sau biyu a yini. Alhaji yakan zame takalmansa, ya sunkuya da kansa da ƙyar, ya juya su. Yunusa na tsaye a baya, hannayensa a naɗe.